Ɗinkin ƙyallaye: Asalinsa, ƙa'idojinsa da abin da ake fitarwa daga ragowar yadi

Duk wanda ya taɓa shiga shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san abin da ke zube a ƙarƙashin keke: guntayen atamfa da shadda da leshi, wani kamar tafin hannu, wani bai wuce ɗan yatsa ba. Da gari ya waye yaron shago zai share su ya ɗura a buhu, kuma makomar mafi yawansu bola ce ko wuta ko kwata. Irin waɗannan guntaye su ne jarin wata tsohuwar sana'a, wadda a wasu ƙasashe kayanta suka kai ga ratayewa a manyan gidajen adana kayan fasaha.

Sana'ar ta ƙunshi ayyuka biyu da ake yawan haɗawa, ko da yake kowanne yana iya tsayawa da ƙafarsa. Na farko shi ne haɗa ƙananan ƙyallaye baki da baki har su zama faffaɗan yadi guda. Na biyu shi ne ɗinkin ciko, wato a shimfiɗa yadi biyu, a sa auduga ko tsohon zane a tsakaninsu, sannan a bi su da layukan ɗinki har su zama abu ɗaya mai kauri. Idan aka haɗa ayyukan biyu ana samun bargon ƙyallaye mai hawa uku: fuska a sama, ciko a tsakiya, shafi a ƙasa.

Tsohon aiki ne

Daga cikin tsofaffin misalan da suka tsira har yau akwai wata rumfar jana'iza ta wata basarakiyar tsohuwar Masar mai suna Isetemkheb, wadda aka yi da rinannun guntayen fata kimanin shekara 3,000 da suka wuce. A ɓangaren ɗinkin ciko kuma akwai wani bargo da aka ɗinka a tsibirin Sisili a ƙarshen ƙarni na 14, wanda yanzu wani sashensa yake gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, wani kuma a birnin Florence na Italiya.

Ƙasar Hausa ma ta daɗe da sanin ɗinkin ciko, sai dai a fagen fama ta fi amfani da shi. Lifidi, wato rigar yaƙin da ake sa wa doki da mahayinsa, yadi ne da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki domin ya tare kibiya ya kuma rage kaifin sara. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Har gobe ana ganin 'yan lifidi a hawan salla. Haka kuma haɗa ƙananan yanka su zama babban tufafi ba baƙon abu ba ne a nan, domin masaƙar maza ta gargajiya siririn ƙyalle take fitarwa, wanda sai an jera an ɗinke kafin ya zama riga ko gwado.

A wasu wuraren ma'anar faci ta wuce rufin asiri. Sufaye sun daɗe suna sa riga mai faci-faci, wadda Larabawa ke kira muraƙƙa'a, a matsayin alamar gudun duniya. Mabiya Muhammad Ahmad, wanda ya yi da'awar Mahadi a Sudan a 1881, sun ɗauki wannan riga ta zama tufarsu. Daga baya, a zamanin Halifa Abdullahi, jibbar ta koma kamar kakin soja, ana ɗora mata facin launi-launi a tsare da gangan ko da rigar sabuwa ce. A Senegal kuma 'yan Baye Fall, mabiya Shehu Ibrahima Fall na ɗariƙar Muridiyya, an san su da rigunan haɗe-haɗe masu launuka da yawa.

A nahiyar Asiya talauci da sanyi ne suka raini sana'ar. Matan yankin Bengal, a Indiya da Bangladesh, suna jera tsofaffin zannuwansu su bi su da ƙananan ɗinki, abin da suke kira kantha. Manoman arewacin Japan, inda auduga ba ta yi saboda sanyi, sun riƙa ɗora faci kan faci a tufafinsu masu rinin baba har tufa ɗaya ta ratsa zuriya biyu ko uku; sunan wannan boro. Akwai kuma al'ummar Siddi ta jihar Karnataka a Indiya, waɗanda asalin kakanninsu Afirka ne. Matansu suna ɗinka bargon da ake kira kawandi, kuma suna farawa ne daga bakin bargon su nufi tsakiya, akasin yadda aka saba a sauran wurare.

Matan Gee's Bend

Babu inda labarin wannan sana'a ya fi ɗaukar hankali kamar wani ƙauye na baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka. Gee's Bend, wanda sunansa na hukuma Boykin, yana cikin wani lungu ne da Kogin Alabama ya kewaye ta ɓangare uku. Wani mai suna Joseph Gee ne ya kafa gonar auduga a wurin a 1816, a 1845 kuma gonar da bayin da ke cikinta suka koma hannun Mark Pettway. Shi ya sa har yau da yawa daga mutanen ƙauyen suke amsa sunan Pettway.

Bayan an 'yanta bayi, zuriyarsu sun zauna a wurin suna noman haya cikin matsanancin talauci, a gidajen katako da iska ke ratsawa. Matan ba su da kuɗin sayen yadi, don haka suka riƙa farke tsofaffin wandunan aikin mazajensu da rigunan da suka mutu da buhunan kaya suna haɗa barguna. A wasu daga cikin waɗannan barguna ana iya ganin inda gwiwar wando ta koɗe, da shacin aljihun da aka cire. Da yake ba littafin zane suke bi ba, sun saba wa ƙa'idar daidaita murabba'i da aka sani a sauran Amurka: layi yakan karkace, launi yakan faɗo inda ba a zata ba, kowace mace kuma ana gane hannunta.

A 1962, lokacin da mutanen ƙauyen suka fara tsallaka kogi zuwa garin Camden domin rajistar zaɓe, hukumomi suka dakatar da jirgin fiton da ke haɗa su da garin, kuma bai dawo aiki ba sai 2006. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Freedom Quilting Bee, suka fara sayar da aikin hannunsu ga manyan kantuna. Duniya ba ta waiwaye su sosai ba sai 2002, da aka baje kolin bargunansu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su gidan Whitney a New York. Masu sharhi suka riƙa kwatanta su da ayyukan manyan masu zane na zamani. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki guda 10 masu ɗauke da hotunan bargunan.

Shaharar ta zo da nata rikicin. An yi ƙorafe-ƙorafe, har da shigar da ƙara a kotu, kan yadda aka raba kuɗin da aka samu daga bargunan da hotunansu tsakanin matan da masu tallata aikin. Wannan ɓangare na labarin ya cancanci kulawar duk wata ƙungiyar mata masu aikin hannu da wani dillali ya zo wa da alkawarin kasuwar waje.

Ƙa'idojin aikin

Kayan aikin kaɗan ne: almakashi mai kaifi, allura da zare, tef ɗin awo, alli, dutsen guga da ɗan kwali da za a yanka ya zama ma'auni. Keken ɗinki yana saurin aiki, amma yawancin misalan da aka ambata a sama da hannu aka ɗinka su.

Matakin farko shi ne tantancewa. Ana ware ƙyallaye bisa nauyinsu, domin idan aka haɗa yadin jins da siririn yadi mai santsi, mai nauyin zai ja marar nauyin har ya yage a bakin ɗinki. Atamfar auduga ita ce mafi sauƙin sarrafawa ga mai koyo. Leshi da yadi mai talewa sai hannu ya faɗa. Bayan haka a wanke su, kowane launi daban, saboda wani yadin yana zuba, wani kuma yana tsukewa a wankin farko. Ja guda ɗaya da ya zuba ya isa ya ɓata aikin wata guda. Wanda ya kwaso ƙyallayensa daga ƙasan shago ya kuma lalube su da kyau, don ba a rasa fil ko karyayyiyar allura a ciki.

Sai yanka. Ana bin layin saƙar yadin ne, domin abin da aka yanka a karkace yana miƙewa ya ɓata siffa. A kowane gefe ana barin rubu'in inci, kimanin milimita 6, wanda ɗinki zai cinye. Ke nan murabba'in da aka yanka inci 5 zai koma inci 4 da rabi bayan an haɗa shi ta kowane ɓangare. Mai son shimfiɗar yaro mai faɗin inci 36 da tsawon inci 45 yana buƙatar guda 8 a kwance da 10 a tsaye, jimilla 80. A nan ne ganganci yake tona asirin mai shi: idan kowane murabba'i ya gaza da kashi ɗaya cikin takwas na inci, layi mai guda 8 zai rasa inci ɗaya cur, kusurwoyi kuma ba za su haɗu ba.

Ana ɗinka murabba'an su zama layi-layi, a goge bakin ɗinkin layi na farko ya kwanta dama, na biyu ya kwanta hagu, domin idan aka haɗa layukan kada kauri ya taru wuri ɗaya. Guga a wannan aiki rabin ɗinki ce, kuma ita ce masu gaggawa suka fi tsallakewa.

Wanda ƙyallayensa sirara ne dogaye yana iya bin wani tsari da ya shahara a Amurka tun ƙarni na 19: a sa ƙaramin murabba'i a tsakiya, a riƙa kewaye shi da siraran yanka ɗaya bayan ɗaya, masu haske a ɓangare guda, masu duhu a ɗayan. Idan kuwa guntayen ba su da wata siffa, sai a shimfiɗa tsohon zane a riƙa ɗora su a kai ana ɗinkewa, kowanne yana rufe bakin na gabansa. A harkar launi, abin da ya fi tasiri shi ne bambancin haske da duhu. Atamfa tana da yawan zane, don haka idan aka jera ta zalla ido yakan rasa inda zai sauka. Ratsin shadda ko farin yadi a tsakani yana gyara wannan.

Idan fuska ta kammala, sai a shimfiɗa shafi a ƙasa, ciko a kansa, fuska a sama, a kama su da fil ko manyan ɗinki na wucin gadi. Ɗinkin cikon ana fara shi daga tsakiya a nufi baki domin tattara ta fita waje. A ƙarshe a yanko dogon ƙyalle a naɗe bakin gaba ɗaya. Barguna masu kauri da ake gani a hotunan ƙasashen sanyi ba su dace da yanayin mafi yawan Najeriya ba. Tsohon zane guda a tsakiya ya isa sanyin hunturu, na lokacin zafi kuwa ana iya barin cikon gaba ɗaya.

Abin da ake iya yi a gida

Hausawa na cewa da sabon gini gara yaɓe, kuma gidajenmu ba su taɓa barin tsumma ya tafi a banza ba: gammo, ƙwallon yara, 'yar tsana da cikon matashi duk daga nan suke. Mai koyo zai fi jin daɗi idan ya fara da ƙaramin abu da zai gama a yini ɗaya, kamar rigar matashi ko jakar littattafai ko abin goge ƙafa, kafin ya kai ga zanin gado ko labule. Abin sauke tukunya yana da sharaɗi ɗaya: auduga zalla, ciki da waje. Yadin roba narkewa yake idan ya ji wuta, ya manne a fata.

Ta fuskar muhalli, gidauniyar Ellen MacArthur ta ƙiyasta a rahotonta na 2017 cewa a kowace daƙiƙa ana binne ko ƙona tufafi da yadin da ya kai cikin motar shara guda a duniya, kuma abin da ake sake mayarwa sabon tufafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ɗinkin gida ba zai magance wannan ba. Abin da zai iya shi ne rage buhunan da ke toshe magudanar ruwa a bayan layin teloli da damina.

Ga mai son mayar da shi hanyar samun kuɗi, wahalar tana wajen farashi. Kayan aikin kusan kyauta ne, amma lokacin da aikin ke ci yana da yawa, mai saye kuma da ya ji daga ragowar yadi aka yi sai ya nemi ragi. Har yanzu akwai masu kallon faci a matsayin tambarin talauci. Ƙananan kaya irin su jaka da rigar matashi sun fi saurin mayar da kuɗi fiye da babban bargo, kuma tsabtar ɗinki a ciki da baki ita ce ke raba abin da za a saya da abin da za a taya a wuce.

Akwai kuma batun mallaka, wanda ya daɗe yana haɗa teloli da masu kawo ɗinki faɗa. A al'ada ba a tambayar ƙananan guntayen da suka zube a ƙasa, amma ragowar da ta kai a yi hular yaro ko ɗankwali ta mai yadin ce har sai ya ce ya bari. Wanda zai riƙa karɓar ƙyallaye daga shago ya kamata ya tabbatar daga wane kashi ake ba shi, tela kuma ya saba tambayar mai kaya tun ranar da ake awo.