Orlando Hernandez: gwanin jifa da ya tsere daga Kyuba

An haifi Orlando Hernandez, wanda aka fi sani da El Duque, a lardin Villa Clara na ƙasar Kyuba a shekarar 1965.

Ya yi fice ne a wasan besbol, wasan da jama'ar Kyuba suka fi ƙauna, inda ɗan wasa ke jefa ƙwallo, abokin hamayya kuma ya yi ƙoƙarin bugunta da sanda. Hernandez mai jifa ne.

A ƙungiyar Industriales ta birnin Havana ya yi nasara a wasanni 126, aka doke shi a 47. Yana kuma cikin tawagar Kyuba da ta ci lambar zinariya a gasar Olamfik ta Barcelona a 1992.

Haramci

Bayan juyin juya halin Fidel Castro, gwamnatin Kyuba ta soke wasanni na neman kuɗi, lamarin da ya sa 'yan wasa da dama ke tserewa zuwa Amurka.

A 1995 ƙanensa Livan, wanda suke uba ɗaya, ya gudu. Hukumomi suka zargi Orlando da shirin bin sahunsa, suka haramta masa wasa har abada a 1996.

A watan Disambar 1997 ya bar ƙasar cikin ƙaramin jirgin ruwa tare da wasu mutane, suka maƙale a wani tsibiri na Bahamas, kafin dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka su ceto su.

A Amurka

A 1998 ƙungiyar New York Yankees ta ɗauke shi a kan dala miliyan 6.6 na shekaru huɗu.

Ya lashe gasar World Series, wadda ita ce ƙololuwar wasan a Amurka, sau uku a jere: 1998 da 1999 da 2000. Ya ci ta huɗu da Chicago White Sox a 2005, ya kuma buga wasansa na ƙarshe a babbar gasar a 2007.

A 2018 hukumomin besbol na ƙasashen biyu sun cimma yarjejeniyar da za ta bai wa 'yan Kyuba damar wasa a Amurka ba tare da kasadar teku ba, amma gwamnatin Donald Trump ta soke ta a 2019.