3.2 Tallafin Gwamnati ga Ma'aikatan da Aka Sallama a Masana'antun Kano

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, rage ma'aikata a Kano ya faro ne tun daga dokar tsuke bakin aljihu ta gwamnatin Shagari a 1982, lokacin da shigo da ɗanyen kaya ya yi wuya. Amma abin bai yi tsanani ba sai da gwamnatin Janar Babangida ta ƙaddamar da shirin SAP a 1986. A watan Satumba na wannan shekara aka fara gwanjon kuɗin waje, dala ɗaya ta haura naira 4. Masaƙu da kamfanonin roba da na ƙarfe a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka shiga rage hannu, wasu kuma suka rufe. Su kuwa ma'aikatan, a unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwar Gano da Tarauni wasunsu ke haya, don haka sallamar ta taɓa mai gida da mai shago da mai sayar da abinci.

A dokance, abin da ma'aikaci ya dogara da shi shi ne Dokar Ƙwadago ta 1974. Dokar ta ce dole kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata dalilin ragin, kuma wanda ya zo daga baya shi za a fara sallama. Game da kuɗin sallama kuwa, cewa kawai ta yi kamfani ya yi iyakar ƙoƙarinsa wajen sasantawa. Wato ba ta yanka adadi ba, kuma ba ta ɗora wa gwamnati ko sisi ba. Wannan shi ne babban raunin dokar. Inda ƙungiya ke da ƙarfi, kamar ta ma'aikatan masaƙu da aka kafa a 1978, akan samu abin kirki. Leburan wucin gadi kuwa sai dai haƙuri.

Da koke ya yi yawa, gwamnati ta ƙaddamar da Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wato NDE, a 1987. Cikin shirye-shiryenta akwai koyar da sana'a a wurin masu gidan sana'a, da kuma rance ga manyan mutane da aka sallama ko suka yi ritaya. A 1989 aka buɗe Bankin Jama'a don ba talakawa rance ba tare da jingina ba. Sai dai hankalin NDE ya fi karkata ga matasan da suka gama makaranta. Magidanci mai shekara 45 da iyali, wanda bai san komai ba sai injin saƙa, da wuya ya koma yaron kafinta. Da yawa sun gwammace su saka ɗan abin da suka samu a tireda ko babur ɗin acaɓa, sana'ar da ita ma aka hana a Kano a 2013.

A dokokin fansho na 2004 da 2014 an yi tanadi ga wanda ya rasa aiki. Ta 2014 ta ba shi damar cirar kashi 25 cikin 100 na asusunsa bayan wata 4 ba aiki, kuma wannan ma kuɗin da aka tara da sunansa ne, ba na baitulmali ba.