Wankin ciki: yadda ake buɗe bakin mahaifa, da abin da ke biyo baya

Wankin ciki aiki ne da ake yi wa mace don fitar da abin da ya saura a mahaifa bayan ɓari, ko lokacin da likitoci suka tsayar da ciki. A Nijar, dokar kiwon lafiyar haihuwa ta 2006 ba ta yarda a tsayar da ciki ba sai in yana barazana ga rai ko lafiyar uwa, ko kuma an gano mummunar cuta a jikin ɗan tayi.

Bakin mahaifa a rufe yake muddin akwai ciki, shi ya sa buɗe shi ke buƙatar haƙuri. In ɓari ya riga ya fara, sau da yawa ya buɗe da kansa. In bai buɗe ba, akan ba mace ƙwayar misoprostol awa ɗaya zuwa uku kafin aikin don ya yi laushi. Daga nan likita ko ungozoma mai horo ta yi allurar kashe zafi, ta riƙa sa siraran ƙarafa masu santsi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan fi na baya kauri. Gaggawa a nan ita ke yaga bakin mahaifa ko ta huda mahaifar, abin da ke yawan faruwa a hannun masu yi a ɓoye.

Sai a zuƙe ragowar da wata babbar sirinji, wadda ma'aikatan lafiya ke kira AMIU. Ba ta buƙatar wutar lantarki, kuma aikin bai cika wuce minti goma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fi son wannan hanya bisa tsohuwar kankarar mahaifa da ƙarfe.

Galibi mace na komawa gida ranar. Ciwon mara da ɗigar jini na iya kai mako biyu, haila kuma ta dawo cikin mako huɗu zuwa shida. Abin da mata da yawa ba su sani ba: ciki na iya shiga tun mako biyu bayan wankin, kafin ma a ga haila, don haka ake maganar tsarin iyali tun a asibiti.

Kada a cusa komai a gaba, ko maganin gargajiya ne, har jini ya tsaya. Zazzaɓi, ruwa mai wari, ciwon da ke ƙaruwa, jiri, ko jinin da ke jiƙa ƙunzugu biyu cikin awa ɗaya, duk suna nufin a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.