Yadda Nazarin Hausa Ya Samu Kujera a Jami'a

A shekarar 1969 wani malami Bakano, Muhammad Kabir Mahmud Galadanci, ya kammala digirin digirgir a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan. Bincikensa a kan nahawun Hausa ne, harshen da ya tashi da shi a gida. Amma sai da ya tsallaka teku, ya rubuta kundin da Ingilishi, Turawa suka duba suka sa hannu, sannan aka kira shi Dakta. Haka abin yake a wancan zamani: mai son a yarda ya san Hausa a ilimance, daga waje zai karɓo shaidarsa.

Dalili kuwa a fili yake. Manyan littattafan da ake dogaro da su duk na baƙi ne. Akwai ƙamus ɗin Bargery na 1934, akwai na Abraham na 1949, ga kuma F. W. Parsons da ya daɗe yana koyar da Hausa a Landan. Ba wanda zai raina aikinsu. Sai dai a bayan kowane shafi akwai malamai Hausawa da suka zauna ana yi musu tambaya, suna kawo kalma da misalinta. Bugun farko na ƙamus ɗin Abraham ya fito da sunan Malam Mai Kano tare da nasa, wanda abu ne da ba a saba gani ba. Galibin irinsa layi ɗaya na godiya suka samu a gabatarwa.

A Kano al'amarin ya fara juyawa. Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama reshen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 kafin ta tsaya da ƙafarta a matsayin Jami'ar Bayero a 1977, ita ta ɗauki nauyin Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya. Daga wannan cibiya mujallar Harsunan Nijeriya ta riƙa fitowa, daga nan kuma aka samu sabon ƙamus na Hausa zuwa Ingilishi a 1977, wanda Paul Newman da Roxana Ma Newman suka jagoranta tare da ma'aikatan cibiyar. A Zariya ma an buɗe sashen harsunan Nijeriya da Afirka, Sakkwato da Maiduguri suka biyo baya.

Abin sha'awa shi ne abin da malaman farko suka zaɓa su nazarta. Ɗandatti Abdulƙadir ya tafi Jami'ar Indiyana ta Amurka, ya gama a 1975, kuma a kan Mamman Shata ya yi kundinsa. A lokacin da yawan masu boko na yi wa makaɗi kallon maroƙi kawai, shi ya ɗauki waƙar kalangu ya ajiye ta a gaban masana a matsayin adabi. Ɗalhatu Muhammad ya yi nasa a Landan a 1977 kan fasahar Aƙilu Aliyu, shi ne kuma ya tattara waƙoƙin mawaƙin a littafin Fasaha Aƙiliya. Abdulƙadir Ɗangambo ya bi diddigin waƙoƙin wa'azi tun daga zamanin masu jihadi, ya kammala a 1980. Kowannensu ya je waje, amma kayan gida ya tafi da su.

Wannan zaɓi ya yi tasiri har a wajen aji. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, ba daga sama abin ya faɗo ba. An riga an shafe shekaru ana karanta waƙoƙinsa ana rubuta jarrabawa a kansu. Malaman da suka nemi a san darajarsu sun fara ne da nema wa mawaƙa da makaɗa tasu darajar.

Aikin da ya fi wuya, wanda kuma ba a cika yabawa ba, shi ne mayar da Hausa harshen koyar da Hausa. Ɗalibi ba zai rubuta kundi da Hausa ba sai an samar masa da sunan kowane abu: gaɓa, ɗafi, jigo, salo, zubi da tsari, amsa-amo. Wasu kalmomin an aro su daga malaman zaure da suka gaji nahawun Larabci da aruli, wasu an ƙirƙiro su a tarurruka bayan doguwar muhawara. A 1990 aka buga jerin irin waɗannan keɓaɓɓun kalmomi a littafin Hausa Metalanguage, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Shekara biyu kafin nan Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Hausa a Rubuce, tarihin rubuce-rubucen Hausa da aka rubuta da Hausar kanta. Har yau da wuya a buɗe kundin ɗalibi a wannan fage ba a ci karo da sunansa ba. Sa'idu Muhammad Gusau kuwa ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da ɗalibai ke bi.

Girmamawa ta zo, kuma ta zo ta hanyoyi da yawa. Galadanci ya zama farfesa. Ɗandatti Abdulƙadir ya riƙe shugabancin Jami'ar Bayero baki ɗaya, abin da ya rufe bakin masu cewa karatun Hausa ba ya kai mutum ko'ina. Al'adar wallafa littafin karramawa, inda almajirai da abokan aiki ke haɗa maƙalu da sunan malaminsu, ta samu gindin zama. An yi wa Parsons irinsa a 1988, yanzu kuma ana yi wa farfesoshin gida. A 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda ke fassara Hausa da Hausa, ba tare da jingina da wani harshe ba.

Amma akwai waɗanda rabon bai kai gare su ba. Akwai ma'aikatan da suka shiga ƙauyuka da rikoda suna naɗo tatsuniya da waƙa, da waɗanda suka juya tsofaffin takardun ajami zuwa boko. Akwai masu buga tafireta da suka riƙa bin shafi da biro suna sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasa, domin na'urar ba ta da su. Ba su sa rigar digiri ba, ba a yi musu littafin karramawa ba, alhali ba ƙamus ɗin da zai fito ba tare da hannunsu ba. Wasunsu na raye. Ya kamata sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato su tattara sunayensu su buga, tun ana samun waɗanda suka san su.