Jerin saƙonnin aiki, daga ofisoshin Amurka zuwa zaurukan Gaya

Abin da masu tsara manhaja ke kira jerin saƙonni shi ne shafin da maganganun abokan aiki ke sauka ɗaya bayan ɗaya bisa lokacin da aka aiko su, kowa yana ganin na kowa, saɓanin imel da ke zuwa ga wanda aka rubuta wa kaɗai. Tushensa yana komawa ga IRC, tsarin hira ta kwamfuta da Jarkko Oikarinen ya ƙirƙira a Finlan a 1988, amma bai samu gindin zama a ofisoshi ba sai da Yammer ya fito a 2008, wanda Microsoft ya saya a 2012 kan dala biliyan 1.2, sannan Slack ya biyo baya a 2013, Teams kuma a 2017.

Duk wanda ya yi aiki a wannan fanni ya san cewa yawancin sababbin abubuwan da aka ƙara magani ne ga cuta ɗaya, wato cunkoson magana. Slack ya kawo alamomin martani a 2015 domin kada mutum ashirin su rubuta "na gani" a jere, sannan a Janairun 2017 ya kawo zaren hira, inda amsoshi ke rataye a ƙarƙashin saƙon da ya haife su. Sai dai duk wannan an gina shi ne a kan zaton cewa ma'aikaci yana zaune gaban tebur, yana da adireshin imel na kamfani, kuma da rubutu yake magana.

A Yelu, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Gaya ta jihar Dosso a Nijar, wannan zato ba ya aiki. Manomin rake a fadama, da direban babbar mota mai jiran takardun duwan kusa da gadar Malanbil, da dillalin da ke bin farashin sefa da naira tsakanin Gaya da Kamba, duk suna da jerin saƙonnin aiki, amma a zauren WhatsApp yake, kuma da murya ake cika shi, cikin Hausa da Dandanci da Zabarmanci. Saƙon murya da WhatsApp ya kawo a 2013 shi ne ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi boko ba, damar kuma da aka ba shugaban zaure a 2018 ta hana kowa magana sai shi ita ce ta mayar da zaure allon sanarwa. RECA, ƙungiyar haɗin gwiwar majalisun noma ta Nijar, ta bi wannan hanya wajen ba manoma shawara, inda manomi ke aiko hoton ganyen da ƙwari suka ci tare da tambayarsa, malamin gona kuma ya amsa da baki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar Malanbil da ke tsakanin Gaya da Benin, labarin hanya da na kuɗin fito a kwalekwale ya zama abin da ɗan kasuwa ke nema a wayarsa tun da asuba.

Babban giɓin da masu tsarawa suka bari, kuma abin damuwa ne ƙwarai, shi ne murya ba ta bincikuwa. Ma'aikacin da ke amfani da Slack yana iya tono shawarar bara da kalma ɗaya, amma amsar da malamin gona ya bayar kan tsutsar masara tana nutsewa cikin kwana biyu a ƙarƙashin gaisuwa da ta'aziyya, sai a sake tambaya, a sake amsawa. WhatsApp ya fara mayar da murya rubutu a ƙarshen 2024, amma cikin harsuna kaɗan, ba Hausa ba Zabarmanci. Saboda haka shugaban zaure ne ke yin aikin da hannu, yana sake turo tsohon saƙo ko ya kafe shi a saman shafi, kafewar da ba ta wuce kwana 30.