Fatalwar da Ta Fi Ƙarfin Kowa: Darasin Spectre ga Mai Rubuta Labarin Tsoro

Maƙalarmu ta wannan mako za ta kai mu Amurka, wurin wani tsohon tauraron mujallun labarin zane mai suna Spectre, wato fatalwa. Mun zaɓo shi ne saboda tarihinsa yana ɗauke da matsalar da ke kayar da da yawa daga cikinmu masu rubuta labaran aljanu da matsafa: idan tauraronka ya fi ƙarfin kowa, me zai sa makaranci ya matsu ya ga shafi na gaba?

Spectre ya fara bayyana a mujallar More Fun Comics, fitowa ta 52, ta watan Fabrairun 1940, daga kamfanin da a yau ake kira DC Comics. Jerry Siegel, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro Superman, shi ya rubuta, Bernard Baily ya zana. Labarin wani ɗan sanda ne mai bincike, Jim Corrigan, wanda 'yan ta'adda suka cusa a ganga, suka cika ta da siminti, suka jefa a kogi. Wata Murya da ba a nuna mai ita ba ta hana ransa hutawa, ta maido shi duniya ya yaƙi miyagu. Ya dawo fari fat cikin koren mayafi. Harsashi ba ya huda shi, bango ba ya tare shi, kallon ƙwayar idonsa kaɗai yana iya kashe mugu.

To a nan gizo ke saƙar. Wanda ya riga ya mutu, da me za ka razana shi? Labaran suka riƙa maimaita kansu: mugu ya yi ta'asa, fatalwa ta zo ta gama da shi. A 1941 aka haɗa shi da wani ɗan barkwanci mai kwaikwayon aikin 'yan sanda, Percival Popp, wanda a hankali ya mamaye shafukan, Spectre ya koma mai taimaka masa a ɓoye. Zuwa 1945 an daina buga labarinsa.

Sai kuma ƙofar labaran tsoro ta rufu gaba ɗaya. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana zargin waɗannan mujallu da lalata tarbiyyar yara, wani kwamitin majalisar dattawan Amurka kuma ya zauna a kan batun. Gudun kada gwamnati ta sa hannu, kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu, Comics Code Authority. Ta haramta nuna gawa mai tafiya, da masu shan jini, da mutum mai rikiɗa ya zama kyarkeci. Kamfanin EC, wanda ya fi kowa shahara a labaran tsoro, dole ya rufe mujallunsa na wannan fanni. Da aka dawo da Spectre a 1966, sai aka haɗa shi faɗa da manyan shaiɗanu a sararin samaniya. Mujallar da aka ware masa a 1967 fitowa 10 kawai ta yi.

A 1971 aka sassauta dokar. A 1974 edita Joe Orlando, wanda tsohon mai zane ne a EC, ya ba marubuci Michael Fleisher da mai zane Jim Aparo wannan tauraro a mujallar Adventure Comics, daga fitowa ta 431 zuwa ta 440. Waɗannan fitowa goma su ne har gobe ake tunawa, kuma dabaru uku suka yi amfani da su.

Ta farko, sun sauya abin da makaranci ke jira. Kowa ya san mugu ba zai tsira ba, don haka fargabar ta koma kan irin ƙarshen da zai yi. Tun da hukuma ba ta yarda da malalar jini ba, sai Spectre ya narkar da wani kamar kyandir, ya mayar da wani icce sannan ya yanka shi da zarto. Babu jini a shafin, amma tsigar jiki tana tashi. Takunkumin da aka sa musu shi ya tilasta su nemo hoton da ya fi jini zama a zuciya.

Ta biyu, sun kawo mai tuhuma. Wani ɗan jarida, Earl Crawford, yana bin sawun gawarwakin yana ƙyamar abin da yake gani, yana ganin ko mai laifi yana da haƙƙin a gurfanar da shi gaban alƙali. Ta bakinsa makaranci ke jin tambayar da ke cin ransa: wannan adalci ne ko ramuwar gayya?

Ta uku, sun ba tauraron abin da ƙarfinsa ba zai saya masa ba. Wata budurwa, Gwen Sterling, ta kamu da son Corrigan, shi kuwa matacce ne. Ya roƙi Muryar ta maido masa da rai, aka ba shi, amma a fitowa ta 440 'yan ta'adda suka sake kashe shi, ya koma fatalwa. Daga nan, a 1975, aka tsayar da labarin. Sauran labarai uku da Fleisher ya rubuta sai a 1988 suka fito.

Shekara 34 ke tsakanin 1940 da 1974, ƙarfin Spectre kuwa bai ragu ba. Marubutan ne suka gano inda za su ajiye fargaba. Mu ma kafin mu ba jarumarmu zoben aljani, ko mu ba jaruminmu layar ɓata, mu zauna mu amsa tambaya uku: me makaranci zai jira tun da ya san wanda zai yi nasara? Wa zai tsaya a cikin labarin ya ce wa tauraron bai kyauta ba? Mene ne abu guda da yake so wanda tsafinsa ba zai ba shi ba? Wanda ke da labarin aljanu a hannu yanzu, ya gwada shi da waɗannan tambayoyi, ya kawo mana amsar mu tattauna. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.