Bayani: Lahanin cip na hoto da amincewar masu sayen kwamfuta a Zariya

A shekarar 2008, kamfanin Nvidia na Amurka ya amsa cewa wasu daga cikin cip ɗin hoto da ya ƙera wa kwamfutocin tafi-da-gidanka suna da lahani.

An biya diyya a Amurka, an kuma rufe shari'a. Sai dai irin waɗannan kwamfutoci sun ci gaba da yawo a kasuwannin gwanjo, har suka iso hannun ɗalibai da ma'aikata a wurare kamar Tudun Wada da ke Zariya, inda babu garantin da ya biyo su.

Ga bayani kan yadda lamarin ya faro, da kuma abin da ya haifar tsakanin masu ƙera na'urori da masu sayensu.

Mene ne cip na hoto?

Wani ɗan ƙaramin falle ne na sinadarin silikon, wanda bai wuce girman farce ba, aikinsa shi ne sarrafa duk abin da ake gani a fuskar kwamfuta, kama daga rubutu zuwa bidiyo.

Masu gyara a Najeriya sun fi kiransa VGA.

A babbar kwamfuta ta kan tebur, ana iya zare katin da yake ɗauke da shi a sa wani. Amma a mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka, a liƙe yake da dalma a jikin farantin injin, wanda ake kira bod. Idan ya mutu, kwamfutar ce gaba ɗaya ta tsaya.

Kamfanoni irin su HP da Dell da Apple ba su ne suka ƙera cip ɗin da ake magana a kai ba. Sayowa suka yi daga Nvidia, suka ɗora a cikin na'urorin da ke ɗauke da sunayensu.

Mene ne ya lalace?

A ƙarƙashin fallen silikon akwai ɗaruruwan ƙananan ɗigon dalma da suke haɗa shi da mazauninsa, an kuma cike tsakaninsu da wani irin gam da ke riƙe su.

Duk lokacin da aka kunna kwamfuta cip ɗin yakan yi zafi ya buɗa, idan aka kashe kuma ya huce ya tsuke. Silikon da mazauninsa ba sa buɗawa daidai da juna, don haka ɗigon dalmar ne ke ɗaukar wahalar.

A cip ɗin da abin ya shafa, haɗin dalma da gam ɗin da aka yi amfani da shi bai jure wannan zafi da sanyi ba. A kwana a tashi sai dalmar ta tsage.

Alamomin sun haɗa da layuka ko launuka barkatai a fuskar kwamfuta, ko kuma a kunna ta fitilu su kama, fanka ta juya, amma fuskar ta kasance baƙi ƙirin. A wasu samfuran HP, na'urar kama intanet ba tare da waya ba ce take fara ɓacewa kafin hoton ya ɗauke.

Matsalar ba ta bayyana a ranar da aka sayi kwamfuta. Takan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma garantin da aka saba bayarwa na shekara guda ne.

Waɗanne kwamfutoci abin ya shafa?

Cip ɗin da suka fi yin ƙaurin suna su ne GeForce 8400M da 8600M, da wasu na jerin GeForce Go da suka gabace su.

Daga cikin kwamfutocin da ke ɗauke da su akwai HP Pavilion dv2000 da dv6000 da dv9000 da tx1000, da Compaq Presario V3000 da V6000.

A ɓangaren Dell akwai Latitude D630 da XPS M1330 da Inspiron 1420. A na Apple kuwa, akwai MacBook Pro da aka ƙera tsakanin watan Mayun 2007 da Satumban 2008.

Ba kowace kwamfuta mai irin wannan suna ce take da lahanin ba, domin wasu daga cikinsu na amfani da cip ɗin Intel ne.

Yaya kamfanonin suka tunkari lamarin?

Tun a ƙarshen 2007 kamfanin HP ya fara tsawaita garantin wasu samfuransa zuwa watanni 24.

A ranar 2 ga watan Yulin 2008 ne Nvidia, ƙarƙashin shugabansa Jensen Huang, ya sanar da masu hannun jari cewa zai ware tsakanin dala miliyan 150 zuwa 200 domin gyara da musanya. Kashegari darajar hannun jarinsa ta faɗi da kimanin kashi 30 cikin 100.

Abin da ya ware a karon farko dala miliyan 196 ne, kimanin naira biliyan 23 a canjin wancan lokaci. Ya sake ware wasu kuɗin a 2009 da 2010, har jimillar ta haura dala miliyan 470.

Abin da ya fi ɓata wa masu saye rai shi ne yadda sanarwar farko ba ta zo da jerin cip ɗin da suka lalace ba. Kamfanin ya kuma alaƙanta matsalar da yadda aka tsara fitar da zafi a kwamfutocin, da yadda mutane ke amfani da su.

HP da Dell sun fitar da wata manhaja da ke sa fanka ta riƙa juyawa fiye da da. Masu suka sun ce hakan jinkirta mutuwar cip ɗin kawai yake yi har garanti ya ƙare. Daga baya Dell ya ƙara watanni 12 a kan garantinsa.

A watan Oktoban 2008, Apple ya ce Nvidia ya ba shi tabbacin cewa matsalar ba ta shafi kwamfutocinsa ba, amma binciken da ya yi da kansa ya nuna akasin haka. Ya yi alkawarin gyara kyauta na shekara biyu, daga baya ya mayar da shi uku, sannan huɗu.

Ɗan jarida Charlie Demerjian na mujallar intanet ta The Inquirer na daga cikin waɗanda suka fi bin diddigin lamarin, wanda aka laƙaba wa suna Bumpgate.

Wa ya samu diyya?

Masu kwamfutoci sun haɗu sun shigar da ƙara a wata kotun tarayya da ke San Jose a jihar Kalifoniya, aka kuma sasanta a 2010 ba tare da Nvidia ya amsa laifi ba.

An amince a sauya wa masu Dell da Apple cip, a kuma ba masu HP wata kwamfutar. Da yawa daga cikin masu HP sun koka cewa wadda aka ba su ba ta kai darajar wadda suka saya ba.

Wata ƙarar da masu hannun jari suka shigar, suna zargin kamfanin da ɓoye abin da ya sani, ba ta yi nasara ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar ta a 2014.

Sasantawar dai ta shafi masu saye ne a Amurka. Wanda ya sayi irin wannan kwamfuta a Zariya ba shi da rabo a ciki.

Ta yaya matsalar ta iso Tudun Wada?

Tudun Wada tana tsakanin tsohon birnin Zariya da Sabon Gari, kuma unguwa ce da ta daɗe da ma'abota boko da ɗab'i. A yankin ne kamfanin Gaskiya yake, da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake karatun shari'a da harkokin mulki, da kuma tsohon asibitin koyarwa na jami'ar.

Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu, da malami, da mai shagon buga takardu, duk suna buƙatar kwamfuta. Sabuwa kuwa ta fi ƙarfin aljihun da dama daga cikinsu, shi ya sa suke komawa ga ta hannu, wadda ake kira tokumbo ko Beljiyam.

Irin waɗannan kaya ta Legas suke shigowa, su bi ta kasuwannin Computer Village da ke Ikeja da Alaba, kafin su iso Kano da Kaduna da shagunan Zariya.

A 2005, ƙungiyar Basel Action Network ta Amurka ta ba da rahoton cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kwamfutoci da danginsu ne ke sauka a Legas kowane wata, kuma masana a can sun ƙiyasta cewa har kashi 75 cikin 100 na iya zama tarkace.

Wani binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 2018 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ne aka shigo da su Najeriya a kowace shekara a 2015 da 2016, akasarinsu daga ƙasashen Tarayyar Turai.

Kwamfutar da aka ƙera a 2007 takan iso kasuwar gwanjo ne bayan ta yi shekaru a hannun mai ita na farko. Ke nan ta riga ta sha zafi da sanyi sau dubbai, garantinta kuma ya ƙare.

Yanayin Zariya ma bai taimaka ba. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura maki 35 a ma'aunin Salshiyos, ƙurar hunturu kuma takan toshe hanyar iskar fanka. Ɗauke wuta da dawo da ita na ƙara yawan kunnawa da kashewa.

Shin ana iya gyarawa?

Gyaran da ya fi yaɗuwa shi ne a buɗe kwamfutar a hura wa cip ɗin iska mai tsananin zafi. Wasu kan ƙara da ɗan fallen tagulla a samansa domin ya riƙa janye zafi.

Sau da yawa hoton yakan dawo nan take, domin zafin kan sa wurin da ya tsage ya sake haɗuwa. Amma tsagar tana cikin cip ɗin ne, kuma kayan da aka ƙera shi da su ba su sauya ba. Bayan makonni ko 'yan watanni sai matsalar ta dawo.

Gyara mai ɗorewa shi ne a sa cip ɗin da aka ƙera bayan an sauya kayan haɗin, ko a sauya bod ɗin gaba ɗaya. Wannan na buƙatar na'ura ta musamman, kuma bod ɗin gwanjo na iya zuwa da lahani iri ɗaya.

A nan ne rikici kan taso. Kwamfutar da aka gasa wa cip tana iya cin gwajin da ake yi a shago, ta kuma wuce 'yan kwanakin da mai shago ya bayar na garanti, sannan ta mutu a hannun mai saye.

Wa mai saye yake ɗora wa laifi?

Mai saye sunan da ke jikin murfi yake gani, don haka HP ko Dell yake cewa ba su da ƙarko. Sunan Nvidia a ɗan ƙaramin tambari kawai yake, kusa da madannai.

Bayan kamfanin da ke kan murfi, sai mai shagon da ya sayar, wanda mai yiwuwa shi ma bai san abin da ke cikin kayan da ya saro ba. Sai kuma mai gyara, wanda ake zargi da rashin iya aiki ko cin amana idan gyaransa ya warware.

A kasuwar da ciniki ya dogara ga sanayya, wannan asara ce babba, domin ɗalibi ɗaya da ya ƙone kan gargaɗi abokan karatunsa duka.

Ta fuskar doka, Najeriya ta kafa Majalisar Kare Haƙƙin Masu Saye a 1992, kuma a 2019 hukumar FCCPC ta maye gurbinta, a ƙarƙashin dokar da ta ba mai saye haƙƙin mayar da kaya mai lahani. Sai dai wanda doka za ta iya kamawa a nan shi ne mai shago. Kamfanin da ya ƙera cip ɗin yana Santa Clara a Kalifoniya.

Shin Nvidia ne kaɗai?

A'a. A 1994 wani malamin lissafi a jihar Virginia, Thomas Nicely, ya gano cewa cip ɗin Pentium na Intel yana kuskure a wasu lissafan rabawa. Da farko Intel ya ce zai sauya wa wanda ya nuna cewa aikinsa na buƙatar hakan ne kawai. Da suka ta yi yawa sai ya amince ya sauya wa kowa, abin da ya ci masa dala miliyan 475.

A watan Yulin 2007, Microsoft ya ware sama da dala biliyan 1 saboda na'urar wasa ta Xbox 360, wadda ita ma tsagewar dalma a cip ɗin hoto ke kashewa, ya kuma mayar da garantin wannan matsala shekara uku.

Apple ya koma amfani da cip ɗin AMD a manyan MacBook Pro na 2011, amma su ma suka ba da matsala, har ya buɗe shirin gyara kyauta a watan Fabrairun 2015.

A duk waɗannan misalai, abin da masu saye suka fi riƙewa shi ne tsawon lokacin da kamfani ya ɗauka kafin ya amsa, da kuma ko ya biya kowa ko ya zaɓi wasu.

Ina aka kwana?

Dangantakar Apple da Nvidia ba ta koma yadda take ba. Sannu a hankali Apple ya daina sa cip ɗin kamfanin a kwamfutocinsa, kuma a 2020 ya fara amfani da nasa na kansa.

Shi kuwa Nvidia ya farfaɗo. Buƙatar cip ɗinsa a fannin ƙirƙirarriyar basira ta sa a watan Yulin 2025 ya zama kamfani na farko da darajarsa ta kai dala tiriliyan 4.

Kwamfutocin 2007 sun tsufa, amma hanyar da ta kawo su Zariya tana nan. Ga mai sayen ta hannu, matakan kariya ba su sauya ba: ya binciki lambar samfurin kafin ya biya, ya bar ta a kunne tana nuna bidiyo na tsawon lokaci ya ga yadda take ɗaukar zafi, ya duba ko an taɓa kwance ta, ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti a rubuce.